Mu da Susar Kunne

A unguwarmu da wuya ka ambaci abin da ba ma zurawa a kunne. Tsinken ashana ne kan gaba, sai gashin kaza da aka fige aka bar masa ɗan tuntu a kai, sai murfin biro, sai makullin babur, sai tsinken tsintsiya. Mata suna da nasu, fil ɗin da ake maƙale hijabi da shi. Masu ɗan hali kuma su sayo auduga mai tsinke a kanti. Zauna a majalisar ƙofar gida bayan la'asar ka zuba ido, kafin a kira magariba sai ka ga wani ya karkatar da kai, ya lumshe ido ɗaya, yana murza tsinke a hankali. In ya zaro ya duba abin da ya fito, ya goge a ƙafar benci. Ba mai ce masa kanzil, don dukanmu a kan haka muka taso, kuma sunan abin a wurinmu tsabta.

Daɗin da ake ji ba ƙarya ba ne. Fatar cikin ramin kunne cike take da jijiyoyin ji, har akwai reshen wata babbar jijiya da take sauka maƙogwaro da ƙirji, shi ya sa za ka ga wani da tsinke ya shiga sai tari ya sarƙe shi, ya rasa dalili. Matsalar ita ce susa tana haifar da ƙaiƙayi. Ka kankare maiƙon da ya lulluɓe fatar, ta bushe, gobe ta fi yau ƙaiƙayi, ka koma neman tsinke.

Mun ɗauka ramin nan yana da zurfi ne, alhali a kunnen babban mutum bai wuce santimita 2 da rabi ba daga baki zuwa ƙarshe. Tsinken ashana ya haura santimita 4. Ramin kuma ba miƙaƙƙe ba ne, yana da lanƙwasa, shi ya sa likita in zai haska kunnen babba yake jan sa sama da baya, na ƙaramin yaro kuwa ƙasa da baya, don hanyar ta miƙe. Kashi ɗaya cikin uku na farko guringuntsi ne, nan gashi yake, nan kuma ake yin dauɗar kunne. Sauran kashi biyun na ciki ƙashi ne tsantsa da wata siririyar fata ta manne masa, babu tsoka babu kitse a tsakani. Duk wanda ya taɓa zurfafa tsinke ya ji wani zafi ya tsarga masa har tsakiyar kai, to nan ya taɓo.

Dauɗar nan da muke ƙyama kuwa aiki aka sa ta. Tana kama ƙura, wadda ba ma rasa ta a nan musamman da hunturu, tana hana ruwa jiƙa fata, kuma tana da ɗan tsami da yake hana ƙwayoyin cuta sakewa. Tamu mai danƙo ce, kamar ta Turawa. Ta yawancin mutanen Sin da Japan da Koriya busasshiya ce mai garin-gari, kuma gado ne, masana a Japan sun gano ƙwayar halittar da ke bambanta su a shekarar 2006. Wato danƙonta ba alamar ƙazanta ba ce, haka aka halicce mu.

Muna da wani maƙwabci, ma'aikacin jinya ne a sashen kunne da hanci da maƙogwaro, kuma wannan magana ta sha haɗa shi da dattawan majalisa. Wata rana Baba Alhaji, wanda gashin kaza ba ya rabuwa da naɗin hularsa, ya ce masa, "To kai ɗan nan, in ba a ƙwaƙulo ba, ina dattin zai tafi? Ciki zai zauna ya ruɓe?"

Ya ce, "Allah ya ja da ranka Baba, da kansa yake fitowa. Fatar cikin kunne tafiya take yi daga ciki zuwa waje, sannu a hankali, tana ɗauke da dauɗar. Duk taunar da ka yi, ko goro ko tuwo, muƙamuƙi yana motsa ramin yana taya ta turowa. In ta iso bakin rami ta bushe ta faɗi, ko ka goge ta."

"To wadda nake zarowa fa?"

"Kaɗan kake zarowa, Baba, mai yawan ciki kake dannawa. Ba a yin dauɗa a can ƙurya. Duk wadda muka tarar ta dunƙule a jikin dodon kunne, hannu ne ya kai ta."

Baba bai yarda nan take ba, ya ce shi shekara da shekaru yana yi bai kurmance ba. Liman ne ya sa baki, ya ce a tuna yadda aka koya mana shafar kunne a alwala: a sabunta ruwa, manuniya a bakin rami, babban yatsa a baya. Ba a ce a nemo tsinke ba. Ni dai wannan magana ta liman ta zauna mini, don inda yatsa yake iya kaiwa, nan ne daidai inda kunne yake buƙatar hannunmu, kuma muna shafar wurin sau da yawa kowace rana. Ita kanta audugar kanti, wadda wani Leo Gerstenzang ya fara yi a Amurka a shekarun 1920, in ka duba kwalinta sau da yawa za ka ga an rubuta gargaɗin kada a zura ta cikin rami. Akwai dai mutanen da kunnensu yake tara dauɗa har ta toshe ko ba su taɓa ba, musamman tsofaffi. Waɗannan asibiti ake tausasa musu ita a cire.

Kunnen waje, wanda muke ja in yaro ya yi laifi, guringuntsi ne da fata, ban da ɗan tattausan naman ƙasa inda ake huda wa jarirai mata. Iyayenmu da suka zaɓi wurin nan sun zaɓa daidai, don yana da jini sosai, yana saurin warkewa. Hujin sama da 'yan mata suke ƙarawa yanzu a kan guringuntsi yake, shi kuwa ba shi da jijiyoyin jini na kansa, daga fatar da ta lulluɓe shi yake samun abinci, in ya kama ciwo yakan daɗe, har ya iya lanƙwashewa. Haka kunnen wasu tsofaffin 'yan dambe da 'yan kokawa yake dunƙulewa: jini ne ya taru tsakanin fata da guringuntsi ba a zuƙe shi da wuri ba.

A ƙarshen rami dodon kunne yake. Faɗinsa kusan santimita 1, kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita, a ɗame kamar fatar kalangu, kowane sauti ya shigo sai ya girgiza shi. A nan zan tsaya in yi maganar mari, don abin yana ci mini rai. Mukan ce "zan fasa maka dodon kunne" da wasa ko da fushi, alhali abu ne da yake faruwa da gaske. In tafin hannu ya rufe bakin kunne lokacin mari, iskar da ke cikin rami ba ta da mafita, sai ta daki wannan siririn tantani ta yaga shi. Uba yana yi wa ɗa, yaya yana yi wa ƙane, a makarantun allo da na boko ana yi, miji ma yakan yi wa matarsa. Wanda aka mara ya ce kunnensa yana ƙara, ko yana jin iska na fita in ya fyace hanci, mu ce raki ne. Yawancin irin wannan yagewa takan haɗe da kanta cikin makonni, in an bar kunnen a bushe. Mu kuma daidai lokacin ne tausayi yake kama mu, mu ɗauko mai mu ɗiga.

Bayan dodon akwai wani ɗan sarari mai iska, shi ne kunnen tsakiya. Ƙasusuwa uku ne a jere a ciki, an raɗa musu suna da siffarsu: guduma, wadda take manne da dodon, sai uwar maƙera, sai likkafa. Likkafar nan ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, wajen milimita 3, kuma jariri da su yake zuwa duniya kusan a cikakken girmansu. Aikinsu su karɓi girgizar dodo su miƙa ta ga kunnen ciki, wanda yake cike da ruwa. Sauti in ya fito daga iska ya daki ruwa yawancinsa komowa yake yi, don haka sai an ƙara masa ƙarfi. Dodo yana da faɗi, tafin likkafa ɗan mitsitsi ne, ƙarfin da aka tara daga faffaɗan wuri ya sauka a ƙaramin wuri, sai ya ninku kusan sau 20. Tsinken da ya huda dodo yana iya gusar da waɗannan ƙasusuwa daga mazauninsu, kuma wannan ba ya gyaruwa da ɗigon magani. Yawanci ma ba ganganci ne yake jawo hakan ba: uwa tana susa yaro ya faɗo mata a kafaɗa, ko mutum yana tsaye a bayan ƙofa aka turo ta.

Iskar cikin kunnen tsakiya daga hanci take zuwa. Akwai wani siririn bututu, wajen santimita 3 da rabi a babba, da ya taso daga nan ya sauka bayan hanci, wanda wani likitan Italiya, Bartolomeo Eustachi, ya bayyana a ƙarni na 16. A rufe yake zaune, sai an haɗiye yawu ko an yi hamma yake buɗewa. Duk wanda ya hau Hawan Kibo zuwa Jos, ko alhajin da jirginsu ya fara saukowa Jidda, ya san yadda kunne yake toshewa har sai ya haɗiye yawu ya ji ƙas. Bututun ne ya buɗe iska ta daidaita.

A yara bututun nan gajere ne kuma kusan a kwance yake, shi ya sa murar yaro take saurin hawa kunne. Kowace uwa a unguwar nan ta san daren: jiki ya yi zafi, yaro yana ta kuka yana jan kunne, ya ƙi nono, ya ƙi kwanciya. Can wajen asuba sai a ga mugunya a kan matashi, yaro ya yi shiru ya samu barci. Goggo ta ce, "Alhamdu lillahi, ya fashe, an huta." Gaskiya ne zafin ya sauka, amma abin da ya fashe dodon kunne ne, mugunyar da ta taru a bayansa ce ta ɓarke shi. Daga nan sai magungunan tsakar gida su fito: wata ta ce a tatsa masa nono, wata ta ce man ja mai ɗumi, wata man zaitun, wata ruwan albasa, sannan a toshe da auduga. Duk cikin ƙauna ake yi, ban taɓa shakkar wannan ba. Sai dai ƙofa a buɗe take yanzu, abin da aka ɗiga kunnen tsakiya yake zarcewa, audugar kuma ta tsare mugunyar a ciki. Abin da ma'aikatan lafiya suke koya wa iyaye shi ne a murza tsumma mai tsabta mai taushi a tsane abin da ya fito, a hana ruwan wanka shiga, a kai yaro a duba shi. Hayaƙin itace da na taba a ɗaki, da ba jariri fida yana kwance a bayansa, suna cikin abin da ke ƙara jawo ciwon; shayar da nonon uwa kuwa tana rage shi.

Haka muke yi da ƙwayar wake ko masara in yaro ya cusa, mu zuba ruwa wai ta taso, ita kuwa ta sha ta kumbura ta cika rami. Ko mu bi ta da tsinke, mu ƙara tura ta. Wanda ya fi duka hatsari ɗan batirin agogo ne, don cikin sa'o'i kaɗan yake fara cin nama, ba a kwana da shi. Kyankyaso ko ƙwaro ne kawai ɗigon mai yake yi wa amfani, ya kashe shi ya daina fafutuka kafin a je a ciro, shi ma sai in an tabbata dodon lafiyarsa lau.

Kunnen da ya wuce mako biyu yana zuba ya tashi daga ciwon da za a ce zai wuce. Rufin kunnen tsakiya siririn ƙashi ne, ƙwaƙwalwa tana samansa. A bayansa ga ƙashin nan mai tudu da kake taɓawa a bayan kunne, wanda cikinsa ramuka ne da mugunya take iya cikawa. Ta jikin bangonsa kuma jijiyar da take motsa fuska ta ratsa. Kumburi a bayan kunne, ko karkacewar baki, ko ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya a kan kunne mai zuba, maganar asibiti ce a wannan rana. Manyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da sashen kunne, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999.

Amma mafi yawan yaran ba su kai ga wannan. Suna nan a cikinmu, kunne yana zuba yana tsayawa shekara da shekaru, ƙuda yana binsu, jinsu yana raguwa kaɗan-kaɗan. A aike su su kawo wani abu daban, a kira su su ƙi waiwayowa, a aji su kasa bin malam, mu ce kunnen ƙashi gare su, wani lokaci mu ƙara musu da mari a kan kunnen da yake ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara daga abubuwan da ake iya karewa yake zuwa, kuma ciwon kunnen tsakiya yana cikin manyansu. Maƙwabcin namu ya koya wa matan layinmu wani ɗan gwaji: ki tsaya a bayan yaro inda ba ya ganin bakinki, ki toshe masa kunne ɗaya da yatsa, ki faɗi wata kalma ƙasa-ƙasa ki ce ya maimaita, sannan ki sauya ɗaya kunnen. In ɓangare guda ya kasa, ko yaron kullum da gefe ɗaya yake juyo miki in kina magana, a kai shi a haska, ko da kunnen ya daina zuba.