Yadda Ake Shirya Gini Kafin Mai Dubawa Ya Iso

Hukumar gidajen gwamnati ta birnin New York, wato NYCHA, an kafa ta a 1934, kuma babu kamarta girma a Amurka: gidajenta sun haura 170,000. Gwamnatin tarayya takan turo masu duba lafiyar gine-ginen su ba da maki, ma'aikatan hukumar kuwa a shekarun baya sun ƙware wajen tarbarsu.

Idan bututu na yoyo, sai a rufe ruwan ginin gaba ɗaya kafin baƙo ya iso, tunda ruwan da babu shi ba ya ɗiga. Idan bango ya huje, a cusa tsohuwar jarida a ramin, a bi da fenti. Ɗakin ƙasa da ya lalace kuwa, a manna masa takarda a ƙofa cewa akwai haɗari, kada kowa ya shiga. Mai dubawa mutum ne mai bin doka, sai ya wuce. Inda ɓarnar ta yi yawa, a kafa bangon katako a gabanta, a fente shi. Duk wannan yana cikin ƙarar da lauyan gwamnatin tarayya Geoffrey Berman ya shigar a Yunin 2018.

Abin da ya fi ciwo shi ne fenti mai gubar dalma. Shekaru aka yi ba a duba shi ba, amma ana rubuta wa gwamnati cewa an duba, alhali akwai ƙananan yara a ɗakunan. Shugabar hukumar, Shola Olatoye, ta sauka a 2018.

A Janairun 2019 aka yi yarjejeniya: birnin zai zuba dala biliyan 2.2 cikin shekara goma, a Fabrairu kuma aka naɗa mai sa ido daga waje, Bart Schwartz. Daga baya aka raba kujerar shugaban hukumar gudanarwa da ta babban jami'in zartarwa. Ana cikin wannan sa idon, a Fabrairun 2024 aka tuhumi ma'aikata 70, na da da na yanzu, da karɓar cin hanci kan ƙananan kwangiloli na ƙasa da dala 10,000, waɗanda ba a buƙatar gasa kafin a ba da su.

Hukumar gudanarwar mutum bakwai ce, uku daga cikin mazauna gidajen, kuma magajin gari ne ke naɗa su duka. A ganina mazauna su zaɓi nasu da kansu, kuma mai dubawa ya riƙa zuwa ba sanarwa, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambayi matar gida yaushe aka ɗauke mata ruwa.