To, Ina Ruwanmu da Tsuntsu?

Na san abin da za ku ce tun ba ku buɗe baki ba, mutanen Kankiya da Kusada. "Haba Malam! Buhun taki ya gagari talaka, kai kuma ka zo mana da zancen tsuntsu? Wannan ai aikin Turawa ne da 'yan Legas da ƙoshi ya yi wa yawa." Wani dattijo ma zai ƙara da cewa tsuntsun ruwa sai bakin teku, mu kuwa tekunmu ba ta wuce kududdufin bayan gari ba. Na ji, Baba. Amma tunda kun tsokano ni, ku gyara zama.

Gaskiyarku, a Legas aka fara. Can aka kafa gidauniyar kare muhalli ta NCF a 1980, kuma a 1990 ta killace wani yanki na fadama da kurmi a Lekki, dab da teku, wanda yau benaye suka yi wa zobe. Sai dai babban aikin ba a can ya tsaya ba. A 1987 aka buɗe shirin kare fadamar Haɗejiya da Nguru. Kun ji ko? Haɗejiya! Abokan wasanmu da muke ta yi wa dariya sun riga Bakatsine gane amfanin agwagwa. A 1989 mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filip, ya taka har Dagona ta ƙasar Bade don kallon tsuntsayen da ke tasowa daga Turai, su ƙetare Sahara ba biza ba fasfo, su yi hunturu a wurin. A shekarar 2000 tafkin Nguru ya zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga yarjejeniyar kare fadamu ta duniya, wadda aka sa wa hannu a garin Ramsar na Iran a 1971.

Za ku ce, to sai me, agwagwa ta samu gata. Ku tsaya tukuna. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka bi ta da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamar nan kowace shekara ta ragu, tafiyar ruwan ta rikice. Ciyawar kachala ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, ta hana masunci jefa koma. Masu ƙirga tsuntsayen da kuke kira marasa aikin yi suna cikin waɗanda suka matsa wa hukuma lamba a riƙa sakin ruwa daga madatsun a kan lokaci. Wa ya ci riba? Manomi, da masunci, da Bafulatanin da ke kai shanunsa can da rani. Ruwan da agwagwa ke nema shi ne wanda tumatirinku ke nema a bakin dam.

Mu dawo gida. Wa ke gaya muku damina ta kusa, tun kafin rediyo ta faɗa? Shamuwa. Daga kudancin Afirka take tasowa, ta sauka kan tsamiya ko kukar tsakiyar gari, ta riƙa jido tsinke ɗaya-ɗaya tana gyara sheƙar bara. Abincinta fara da tsutsa, wato abokan gabarku, kuma ba ta taɓa kawo muku takardar biyan kuɗi ba. Balbela kuwa ku dube ta bayan shanun huɗa, tana bin kunya tana tsince duk ƙwaron da garma ta tono. Ladarsu a wurinmu? A sare tsamiyar a yi gawayi, a kuma bar yaro da danƙo yana gwada saiti.

Ga tambaya, kuma kada a yi mini ƙarya: yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta? Da can sai an kore su da sanda. Yanzu masu sayen kawunansu don tsibbu da masu zuba guba a mushe sun kusa ƙarar da su, har a 2015 aka sa irin tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke bakin ɓacewa. Indiya ta riga mu ɗanɗana wannan. Wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu ya kashe musu ungulaye fiye da kashi 90 cikin 100, mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, sai a 2006 aka hana amfani da maganin ga dabbobi. Gauraka kuma, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa, yaran yanzu sai dai su ji sunanta a bakin kakanni.

Na hango Alhaji yana ɗaga hannu: jan-baki fa? Nan kam ba zan yi musu ba, ɓarawon gero ne, kuma ba ni da niyyar tsaya masa a gaban alƙali. Amma laifin jan-baki bai shafi zalɓe da kirinjijiya ba, kuma feshin da ake yi masa ba ya tambayar sunan tsuntsu kafin ya kashe.

Ba cewa na yi ku sayi tabarau mai hangen nesa ku tsaya bakin ruwa da gajeren wando ba. Ku bar itacen da shamuwa ke sauka. Ku daina wanke tankin feshi a cikin dam da tafki, ruwan da awakinku ke sha. Ku karɓe danƙon nan daga hannun yaro, ku ba shi fartanya. In kun ƙi kuwa, wallahi Haɗejawa zan kai wa ƙararku, ku san bakin da za ku kare kanku da shi.