Ladubban Sauka da Laima Tare da Mutanen da Ba a Sani Ba

Wasannin intanet na wayar hannu sun haifar da wani irin zama da kakanni ba su san shi ba, wato zaman da mutum huɗu da ba su taɓa haɗuwa ba, ɗaya a Kano, ɗaya a Alƙahira, ɗaya a Bagadaza, na huɗu kuma a Karachi, za su tsinci kansu cikin jirgi guda, an ɗaura musu laima, an kuma damƙa ran kowannensu a hannun sauran ukun. Haka tsarin PUBG Mobile yake, wasan da ya fito a wayoyi a shekarar 2018, inda ake zuba 'yan wasa har 100 a tsibiri ɗaya, su bi gidaje da rumbuna suna tsintar makamai, su yi ta fafatawa yayin da wata shuɗiyar da'ira take matse filin sannu a hankali, har sai tawaga ɗaya ta rage. Free Fire na kamfanin Garena da ke Singafo ya rage adadin zuwa 50, ya kuma gajarta wasan zuwa kimanin minti 10, abin da ya sa masu ƙananan wayoyi suka rungume shi, amma halayen da ke fitowa fili a cikin wasannin biyu iri ɗaya ne. Wanda ba shi da abokai a kusa yakan bar na'ura ta haɗa shi da duk wanda ta ga dama, kuma daga wannan haɗin ne yawancin ɓacin ran 'yan wasa ke tasowa.

Tushen matsalar shi ne rashin fuska. Masu buga dara a gindin bishiya suna kallon juna ido da ido, akwai 'yan kallo da suka san uban kowa, kuma wanda ya yi ashar yau zai haɗu da wanda ya zaga gobe a masallaci ko a kasuwa, saboda haka harshe ba ya samun sakewa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a nan babu fuskar da za a tambaya, sai wani suna da mutum ya raɗa wa kansa da tsakar dare, irin su Sarkin Yaƙi da Dodon Arewa. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka mai suna John Suler ya yi bayanin wannan a shekarar 2004, inda ya nuna cewa ɓoyewar suna, da rashin ganin juna, da tunanin cewa abin da ke faruwa a allo ba rayuwa ba ce ta gaske, suna kwance linzamin da kunya ke sa wa mutum. Aikin ɗan wasa mai tarbiyya shi ne ya mayar wa kansa wannan linzami da hannunsa, ta hanyar tuna cewa bayan Dodon Arewa akwai wani bawan Allah da ya sayi data da kuɗin guminsa domin ya huta na rabin sa'a.

Ladabi na farko yana ga makirufo, wato ƙaramar na'urar da ke ɗaukar murya. Ya dace ɗan wasa ya buɗe ta ya yi sallama, domin sallama ce kalmar da ɗan Masar da ɗan Turkiyya da ɗan Fakistan duk za su amsa ba tare da tafinta ba, sannan ya tsaya ya saurari ɗakin da yake ciki kafin ya yanke shawarar barinta a buɗe. Makirufo ba ta zaɓe. Tana kwashe rurin janareta, da kukan akuya, da dakan maƙwabta, da ƙarar adaidaita-sahu, da muryar ƙanwa mai tilawar karatun Islamiyya, ta zuba su gaba ɗaya a kunnen mutanen da suke ƙoƙarin jin takun sawun abokin gaba a bene na sama. A waɗannan wasanni sauti rabin gani ne, don haka wanda ya bar janareta yana yi wa tawagarsa waƙa ya rufe musu ido ɗaya ke nan. Mai cin gyaɗa ko rake shi ma ya kashe tasa har ya gama, kuma mai sha'awar rera waƙar da ta maƙale masa a ka tun safe ya yi haƙuri sai an ci wasa.

Batun inda za a sauka yana da gajeriyar ƙa'ida. Wasan yakan naɗa mutum ɗaya jagoran sauka, sauran su bi laimarsa, kuma jagora nagari yakan sa alama a taswira tun jirgi bai yi nisa ba domin mai ƙorafi ya yi ƙorafinsa da wuri. Wanda ya ja baƙi uku zuwa Pochinki, garin da ke tsakiyar tsibirin Erangel inda laimomi ke zuba kamar fari, ba tare da ya tambaye su ba, ya ɗauki alhakin rayuka uku, haka ma wanda ya ɓalle shi kaɗai zuwa wani lungu mai nisa sannan ya fara kiran agaji bayan minti biyu.

A wajen rabon kaya ne ake gane ɗan halas. Kowace tawaga ta baƙi tana da mutum ɗaya da za a iya kira Sarkin Kwasa, wanda yake shiga gida gaban kowa ya share bindiga da harsashi da bandeji da sulke, har da harsashin bindigar da ba ya riƙe da ita, ya fito jakarsa ta cika tana neman fashewa, ya bar abokinsa a baya riƙe da kasko. Gaskiya ne cewa kaskon PUBG yana tare harsashi idan an rataye shi a ƙugu, amma ba a taɓa tsara shi domin ya zama dukan rabon mutum ba. Ƙa'idar da 'yan wasa suka amince da ita ba tare da an rubuta ba ita ce, gidan da wani ya riga shiga nasa ne, kuma akwatin da abokin gaba ya bari bayan ya faɗi, wanda ya kayar da shi ne ke fara buɗewa. Idan ɗan wasa ya tsinci kwalkwali na biyu alhali kansa ɗaya ne, ya sa masa alama domin wanda ke yawo da kai a buɗe ya zo ya ɗauka, idan kuma ya tsinci madubin hangen nesa alhali bindigarsa ta kusa ce, ya miƙa wa mai doguwar bindiga. Wannan kyauta tana komawa ga mai ita, domin dukiyar da Sarkin Kwasa ya tara takan ƙare ne a hannun tawagar da ta harbe shi lokacin da yake durƙushe yana zaɓen abin da zai ƙara, kuma abokan da ya bari hannu rabbana ba su da abin da za su kare shi da shi.

Daga nan sai batun ɗaga wanda ya faɗi. A wasan tawaga, wanda aka harba ba ya mutuwa nan take, yakan faɗi ne yana rarrafe jininsa na raguwa, kuma abokinsa zai iya tashinsa idan ya tsaya a kansa na kimanin sakan 10. Haƙƙi a nan ya rataya a wuyan ɓangarorin biyu. Wanda ya faɗi ya rarrafa zuwa bayan bango ko dutse, ya faɗi inda harbin ya fito, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, zo ka ɗaga ni," sau ɗaya, ko sau biyu idan abin ya yi tsanani, domin maimaita ta sau ashirin ba ya ƙara wa kowa gudu. Wanda ke tsaye kuma ya fara jefa gurnetin hayaƙi domin ya yi musu labule, sannan ya zo. Abin da ba a yafewa shi ne mutum ya tsaya daf da abokinsa mai rarrafe yana jira ya cika domin ya gaji jakarsa, kuma duk wanda ya taɓa kwanciya yana kallon takalmin irin wannan magaji ya san cewa zafin abin yana bin mutum har bayan ya ajiye waya.

Kafin a zargi abokin wasa da rashin iyawa, yana da kyau a fahimci jinkirin saƙo, wato lokacin da umarnin yatsa ke ɗauka kafin ya isa sabar, babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan, ya kuma dawo. Ana auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na sakan, kuma shi ne ƙaramin adadin da ke gefen allo yana sauya launi daga kore zuwa ja. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan ɗaya cikin wayar gilashi, ma'ana kowane kilomita 1,000 yana cin milisakan 10 zuwa da dawowa. Idan sabar tana Turai, saƙon ɗan wasan Kano yakan gangara Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku irin MainOne, wadda aka buɗe a 2010 kuma tsawonta daga Legas zuwa Fotugal ya kai kimanin kilomita 7,000, saboda haka idan aka haɗa da tafiyar Kano zuwa Legas, kimanin milisakan 80 sun tafi a hanya kaɗai tun ba a lissafa cunkoson sabis na yamma ba. Mutumin da ake gani yana gudu yana tunkuyar bango, ko ya tsaya ƙyam a tsakiyar fili kamar mai jiran hoto, mai yiwuwa gwani ne da sabis ya riƙe wa ƙafa. Ya cancanci uzuri, shi ma kuma ya sanar da tawagarsa halin da yake ciki domin kada a ɗora masa tuƙin mota, tun da mota a hannun mai jan adadi takan ƙare a cikin kogi da mutum huɗu a ciki.

Akwai kuma uzurorin da mutum yake iya hangowa tun kafin ya danna fara. Wasan PUBG a babban tsibiri yana iya kai minti 30, don haka wanda ya ji ladan yana gyara murya, ko ya ga batirinsa ya yi ja kuma babu wuta, ko ya san Inna ta ɗora tukunya kuma babu magi a gidan, bai kamata ya shiga jirgi da mutane ba. Sallah tana gaba da wasa, aiken mahaifiya ma haka, kuma babu mai hankalin da zai ja da wannan, amma daraja su ta haɗa da lissafa lokacinsu tun farko, maimakon a bar mutum uku suna gadin wani soja da ya daskare a bayan bishiya. Idan tafiyar ta zama dole, kalma ɗaya ta ban haƙuri da zubar da kayan jaka ga 'yan'uwa sun wadatar. Kamfanonin ma sun sa hannu a tarbiyyar: PUBG Mobile tana da ma'aunin ɗa'a mai maki 100 da ake rage wa wanda ya cutar da abokin tawagarsa da gangan, kuma idan makin ya sauka ƙasa da 60 sai a hana shi shiga tawaga, ya yi ta wasa shi kaɗai har ya gyara halinsa.

Wanda ya mutu a wasa yakan koma ɗan kallo, kuma a nan ne hikimar yaƙi take sauko masa gaba ɗaya. Mutumin da bai yi minti uku a raye ba sai a ji shi yana cewa, "Baba, hagu! A'a, dama! Kai, kwanta mana!" har ya rufe sautin da mai rai yake buƙata. Abin da ake so daga gare shi kaɗan ne: idan ya ga abokin gaba ya faɗi lambar da ke kan ma'aunin alƙibla na saman allo, sannan ya yi shiru, domin mai rai ɗaya da ke fuskantar tawaga guda ya fi buƙatar kunnensa fiye da kwamanda.

Wani abu kuma ya fi waɗannan nauyi. 'Yan mata da yawa suna wasa da makirufo a kashe, ko su ɗauki sunan maza, saboda da zarar muryarsu ta fito sai wasan ya koma tambayar gari da lambar waya, wani lokaci har da kalaman da ba su faɗuwa. Wannan abin kunya ne ga mai yi da kuma masu ji su yi dariya. Macen da ta shiga tawaga ta zo wasa ne, haƙƙinta a kira ta "'yar'uwa" a ba ta harsashi a ci gaba, kuma ya kamata namijin da ya ji abokinsa ya fara wuce gona da iri ya tsawatar masa a take. Haka ma idan siririyar murya ta nuna cewa Dodon Arewa yaro ne ɗan firamare, manya su gyara harshensu, su kuma gargaɗe shi kada ya ba kowa kalmar sirrin asusunsa ko da an yi masa alkawarin lu'ulu'un Free Fire kyauta, domin da wannan romon baka ake raba yara da asusunsu. Shi kuwa mai zagin iyaye ko ƙabila ko addini, ramuwa ce abincinsa, don haka a toshe muryarsa, a kai ƙararsa ta maɓallin da aka tanada, a ci gaba da wasa.

Wasannin mutum biyu suna da nasu ƙananan laifuka. A eFootball, wanda ya ci ƙwallo ba sai ya tilasta wa abokin karawarsa kallon maimaicinta daga kowace kusurwa ba, wanda aka zura wa uku kuma ya tsaya a busa tashi maimakon ya kashe data ya ɗora wa sabis. A Ludo King, barin agogo ya ƙare a kowane jifa domin abokin karawa ya gaji ya fita cuta ce.

Idan wasa ya ƙare, allon sakamako yana ba kowa damar jinjina wa abokan tawagarsa, kuma bai dace a yi rowar wannan ba ko da an sha kashi, musamman ga wanda ya ratsa ruwan harsashi ya ɗaga wani. Neman abota bayan wasa mai daɗi abu ne mai kyau, kuma ta haka ne tawagogi masu ɗorewa suke haɗuwa tsakanin Damagaram da Kaduna da Kumasi, amma a aika sau ɗaya. Wanda bai karɓa ba yana da dalilinsa, wanda ya karɓa kuma bai yi alkawarin amsa gayyata da ƙarfe biyun dare ba, saboda haka idan aka gan shi a kan layi aka gayyace shi bai shigo ba, sai a danna fara a bar na'ura ta kawo wasu baƙin uku.