Ruwa Ba Sa'an Gashin Baki Ba Ne

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san Bahar Maliya tun kafin ya san Legas, kuma labarin da aka ba mu a kanta ba na yawon shaƙatawa ba ne: wani mai taurin kai ya afka mata da rundunarsa, bai sake shan iskar Masar ba. Shi ya sa da ƙanena mai karatu a Azhar ya ce zai kai ni Dahab in ga ƙarƙashin tekun da idona, sai na tambaye shi ko akwai wani gado tsakaninmu da ban san da shi ba.

"Haba Yaya, yara ma suna yi."

Wannan maganar ce ta sa ni a mota. Daga Alƙahira muka bi ramin da aka haƙa a ƙarƙashin mashigin Suwes, muka ratsa duwatsun Sina'i, muka sauka Dahab a gaɓar tekun Aƙaba. Idan gari ya yi wasai, kana hango duwatsun Saudiyya a tsallake. Na ce a raina, in ma ta ɓaci dai, ƙasa mai tsarki na kusa.

Malamin nutson wani Bamisire ne siriri da rana ta gasa. Ya cusa ni cikin rigar roba da ta tona asirin tumbina, ya ɗaura min ɗamarar dalma, ya sa min takalmin agwagwa, ya goya min tukunyar iska. Ya ce iskar cikinta irin wadda muke shaƙa ce, danne ta kawai aka yi, kuma na'urar da ke tsakuro wa mutum ita gwargwadon numfashinsa wasu Faransawa biyu ne, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka haɗa ta a 1943. Duk wannan bai dame ni ba. Rigimar daga gilashin fuska ta faro.

Gwajinsa mai sauƙi ne: ka ɗora shi a fuska ba tare da maɗauri ba, ka ɗan ja iska ta hanci. In ya manne, naka ne. Na ƙanena ya manne. Nawa ya faɗo a ƙafata. Aka kawo wani, shi ma ya bi sahu. Malam ya ƙura wa ƙasan hancina ido, ya ce, "Ya ustaz, wannan dajin fa?" Bakin gilashin roba ce mai laushi da ke son fata zalla, ko silin gashi ɗaya ya shiga tsakani ya zama magudana. Ya nuna min reza. Na ce masa da wannan gashin bakin aka ɗaura min aure, kuma ba don kallon kifi zan rabu da shi ba. Ya ce to.

Sai na ga ya tofa yawu a cikin gilashinsa ya murza. Na ɗauka tofin neman tsari ne, har na miƙa masa nawa in sami albarka. Ashe maganin hazo ne, kuma kowa da nasa yawun yake yi.

Dokar ƙarƙashin ruwa guda ce: baki ya shaƙa, baki ya fitar. Na ce to me ya kai hanci cikin gilashi? Ya ce a zurfin mita 10 nauyin da ke danne mutum ya ninka na doron ƙasa. Iskar cikin gilashi tana tsukewa, in ba ka ɗan hura mata ta hanci ba, zai tsotse maka fuska ka fito da jajayen idanu. Kuma sai ka toshe hancin da yatsu ka ɗan busa kafin kunnuwa su saki. Wato hanci yana da aiki, amma na fitarwa kaɗai.

Ba wanda ya sanar da hancina wannan sauyin muƙami. Muna nutsewa na ji wani sanyi yana bin gashin bakina sili-sili, ya taru a ƙasan gilashi, ya tsaya daidai ƙofar hanci. To, hancin Musulmi sau biyar a rana ake kawo masa ruwa, kuma ya san abin da ake so ya yi da shi. Kafin in ce kul, ya shaƙa. Gishirin Bahar Maliya ya kai kusan giram 40 a kowace lita, alhali na sauran tekuna yana wajen 35, kuma na rantse wancan rarar giram biyar ɗin duk a ƙwaƙwalwata ta sauka.

Ina tari cikin bututu, malam ya matso ya tambaye ni da hannu ko lafiya. Don kada a raina Bakano, na ɗaga masa babban yatsa. Sai ya kama ni ya yi sama da ni a hankali. A can ƙasa babban yatsa yana nufin "mu fita", lafiya lau kuwa sai ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe. Na haddace. Na kuma ja maɗaurin gilashin iya ƙarfina, duk da ya ce matsewa murɗe robar take ta ƙara buɗe wa ruwa hanya. Da muka koma, ruwa ya hau har gira. Wannan karon da gaske fita nake so, amma hannuna ya riƙe sabon darasi, ya yi masa zobe. Malam ya tafa min, ya ja ni muka ƙara gaba.

A kan wani farin yashi ya durƙusar da ni ya nuna min dabarar: ka danne saman gilashi da yatsu, ka ɗan ɗaga kai, ka fyace a hankali. Iskar ta taru a sama, ta kori ruwan ta ƙasa. Na gwada, sai ga duniya ta buɗe: murjani reshe-reshe, kifaye masu ruwan ɗorawa da shuɗi suna wucewa ba ko sallama. Daɗi ya sa na ci gaba da fyacewa ba tsayawa, kumfa na tashi ta gefen fuskata kamar ruɗen tuwo na tafasa, gilashi ya yi hazo, robar tana ɗagawa ruwa na komowa.

Na samu ya lafa ke nan sai wani ɗan kifi mai zane fari biyu, bai fi yatsana ba, ya fito daga gidansa ya yo kaina da faɗa. Ni da tukunya da dalma, shi ko a jikinsa. Na tuntsire da dariya, kumatu suka tattare, ruwa ya cika gilashi fal. Ashe a ƙarƙashin teku har fara'a ma tara ake biya.

Daga nan malam ya kai ni inda ruwa bai wuce ƙirji ba, ya karɓe gilashin gaba ɗaya, ya ce in tsoma fuska in yi ta numfashi da baki. Ruwa na zaune a ƙofar hanci, hanci na kallonsa, ba mai taɓa wani. Ya ce gilashin kowa yana yoyo, har nasa, kuma gwani shi ne wanda ruwa zai shigar masa bai fasa kallon kifinsa ba. Iya ruwa fidda kai. Na ɗago da fahariyar wanda ya ci jarrabawa, ƙanena ya ɗauki hoto. Sai da hoton ya gama zaga zauren danginmu na WhatsApp aka gaya min abin da ke reto a gashin bakina. Gwaggo ta rubuto, "Allah ya sawwaƙe, mura ce?"

Da dare muka yi sulhu. Malam ya ce ba sai an share dajin duka ba, a ɗan aske siririn layi a gindin hanci, sauran a shafe shi da man silikon, ban da basilin, don yana lalata roba. Na tsaya gaban madubi da reza. Dama ta ɗan fi hagu faɗi, na gyara hagu. Hagu ta zarce, na koma dama. Kafin kiran sallar asuba, filin ya zama fetal. Washegari gilashi ya manne tsam, sai dai duk lokacin da ƙanena ya kalle ni a ƙarƙashin ruwa, nasa ne ke cika.

Ranar da na dawo Kano, autata ta buɗe ƙofa, ta dube ni, ta ruga ciki da ihu. Uwargida ta leƙo, ta kalle ni sama da ƙasa, ta gyara mayafi.

"Sannu da zuwa, Malam. Maigidan ya yi tafiya Masar, sai dai ka bar saƙo."