Ranka Ya Daɗe, Alhaji Bashi!

Masarautar Ringim ba ta rasa masu hannu da shuni ba, amma daga Taura har Babura babu mai kyauta kamar Alhaji Bashi, kuma har yau ba a taɓa shirya masa walimar karramawa ba. To, yau za mu ba shi haƙƙinsa. Wane attajiri za ka tasa ƙarfe biyun dare ya amsa maka da fara'a? Wa zai ba ka kuɗi bai tambayi ɗan gidan wa kake ba, bai ce mai unguwa ya tsaya maka ba? Shi kaɗai ne. Ka sauke manhajarsa a waya, ka miƙa lambar BVN, ka ɗauki hoton fuskarka, ka danna alamar amincewa a ƙarƙashin wani dogon Turanci da ba ka karanta ba. Kafin mai shayi ya gama firfita maka, kuɗi sun shigo.

Da can cin bashi wahala ne. Sai ka je wurin mai shago ka yi doguwar gaisuwa, ka tambayi iyali, kana sosa ƙeya, shi kuma ya jawo littafinsa ya lashi yatsa ya buɗe shafinka ya ce, "Malam, na wancan watan fa?" Kunya ta sa ka rage mudu biyu zuwa ɗaya. In rasuwa ta same ka ya ɗaga maka ƙafa, wani lokaci ma ya ja layi a kan sunanka ya ce ya yafe. Alhaji Bashi na zamani ya raba mu da wannan ƙauyanci. Babu kunya wajen karɓa, babu sassauci wajen biya. Ai wannan shi ne ci gaba.

Ga shi da adalci, ba ya raina kowa. Malamin firamare a Sankara, ɗan acaɓa a Chai-Chai, mai sayar da awara a bakin tasha, duk nasa ne. Ko katin waya ya ƙare maka, danna *303# ka ranci na naira 100, a ba ka na 85, ka biya 100 cif. A manyan harkoki kuwa lissafinsa ya fi armashi. A ce ka karɓi naira 20,000 za ka mayar da 23,000 bayan mako biyu. Dubu uku kacal, me aka yi aka yi dubu uku? Masu baƙin ciki ne kawai za su tsaya su lissafa cewa mako bibbiyu sau 26 ne a shekara, wato ruwan ya kai kashi 390 cikin ɗari. In ka kasa biya ma bai bar ka a rana ba: ƙaninsa na nan a wata manhajar, zai ranta maka ka biya yayan, sannan autansu ya ranta maka ka biya ƙanin.

Zumuncinsa fa? Nan ne ya kere sa'a. Ranar da ka yi jinkiri, duk wanda lambarsa ke wayarka zai ji labarinka: surukinka, limamin unguwa, shugabanka na ofis, har abokin da rabonku da shi tun sakandare. Kowa zai samu saƙo da hotonka da sunan da aka raɗa maka, ɓarawo ko ɗan damfara. Wa ya taɓa tuna maka da dangi haka? Sai ga hukumomi da hassada. A watan Agusta na 2021 hukumar fasahar sadarwa ta NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan kutsa kai cikin sirrin masu rance. A Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin irin waɗannan kamfanoni a Legas. A 2023 kuma Google ya hana manhajojin rance leƙa lambobi da hotunan da ke wayar mutane. Dubi yadda ake saka wa mai alheri!

Alhaji Bashi na banki ma ba a bar shi a baya ba. Ya tausaya wa ma'aikaci, ya ɗauke masa nauyin riƙe albashi: tun kafin ya taɓa aljihu an zare rabon Alhaji. Kuma tun Agustan 2020, tsarin GSI na Babban Bankin Najeriya ya ba banki damar bin kuɗinka zuwa kowane asusu da ke ɗaure da BVN ɗinka, muddin ka sa hannu a takardar rancen. Masoyi na gaskiya ke nan, duk inda ka ɓuya sai ya gano ka.

Manoman bakin Kogin Haɗeja sun san Alhaji Bashi tun kafin waya. Shi ne mai ba da kuɗin taki da damina a biya da buhu da kaka, a farashin da shi ya yanka. A 2022 ambaliya ta shafe gonaki da gidaje a Ringim, shinkafa ta tafi, gero ya tafi. Abu ɗaya ne ruwa bai iya ci ba, shi ne bashin. Ina ka taɓa ganin mai juriya haka?

Yana da babban wa a ƙasashen waje, katin cin bashi, wanda aka fara da Diners Club a birnin New York a 1950. Katinmu na ATM bagidaje ne, abin da ka ajiye kawai yake ba ka. Wancan kuwa abin da ba ka da shi yake ba ka, ya ce ka riƙa biyan ɗan ƙanƙani duk wata, ragowar ta yi ta haihuwa. A 2023 bashin irin wannan kati a kan Amurkawa ya haura dala tiriliyan ɗaya. Mu ma ana ta yi mana albishir cewa muna kan hanya.

Yabo ya isa haka. Mai karatu ya san gaskiyar magana, kuma zuciyata na ƙuna da ita. Yawancin masu faɗawa wannan rami ba almubazzarai ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 rayuwa ta yi tsanani, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024, mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma bashin magani daban, bashin lefe da ƙaton ragon suna don kece raini daban. Addininmu bai ɗauki lamarin da wasa ba: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, riba haramun ce, kuma Annabi (SAW) ya taɓa ƙin sallatar gawar mai bashi har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Don haka, ɗan'uwa, yau da dare ka ɗauki takarda ka rubuta duk wanda ke bin ka da ruwan da ke kan kowane rance. Ka fara kashe mai ruwa mafi yawa, kada ka ƙara cin wani don biyan wani. Ka je wurin mai shago da ƙafarka ku tsara biya kafin ya aiko. Ka faɗa wa matarka gaskiyar abin da ke shigowa. Ka koma ga adashi da ƙungiyar gama kai ta wurin aiki, in kuma rancen banki ya zama dole ka tambayi bankunan da ba sa hulɗa da ruwa, irin su Jaiz da TAJ. Wanda manhaja ta ci wa mutunci ya kai ƙara FCCPC. Ku kuma masu hali na Ringim da Dutse, ku ranta wa maƙwabci ba ruwa, ku jinkirta wa wanda ya gaza. Kowane maƙwabci da kuka kora daga ƙofarku, ƙofar mai riba zai nufa.