Yadda Ake Tara Lambobin Soja Ba Tare da An Kwana a Gadurum Ba

Kowa da abin da yake tarawa a duniyar nan. Wani tattabaru, wani tsofaffin kaset na Shata, wani kuwa bashi yake tarawa tun daga shuka har girbi. To idan kai Allah ya ɗora maka son lambobin soja, wato bajon hula da igiyar hannu da aninin kafaɗa da lambobin girma masu reto a ƙirji, kuma a Kurugu kake zaune ko wani gari na ƙasar Karaye da Rogo, matso kusa, ɗan'uwa. Sha'awa ce mai kyau, amma tana da ladubba, wanda ya tsallake su kuwa yana iya kwana inda bai yi niyya ba.

Mu fara da abin da zai tsare maka mutunci. Lambar nan ta ajiya ce. Kada ranar Sallah ka dubi babbar rigarka ka ga ai anini uku za su ƙara mata kwarjini. Doka ta hana farar hula sa kayan soja ko alamominsu, kuma a zamanin nan da ɓata-gari ke shiga kaki suna tare hanya, ba wanda zai tsaya sauraron cewa kai mai son tarihi ne. Yankinmu yana iyaka da Katsina da Kaduna, shingen bincike ba ya wuyar gani. Idan ka biyo hanyar Gwarzo za ka Kano, ta gaban barikin Janguza za ka wuce. Ka ƙaddara an buɗe jakarka a nan an tarar da igiyar saje da mikiyar manjo, alhali katin da ke aljihunka na ƙungiyar manoman masara ne. Tsallen kwaɗo a shekarunka ba zai yi wa gwiwa daɗi ba. Saboda haka duk abin da soja ke sawa yau, bar musu kayansu. Ko kyauta wani kurtu ya miƙo maka, ce masa Allah ya saka da alheri, ka mayar da hannunka aljihu. Rabonka yana cikin tsohon kaya, wanda ya riga ya zama tarihi.

Amma ka koyi karatunsu, don kada a yi maka dariya a majalisa. Igiya biyu kofur, uku saje. A kafaɗar hafsoshi, anini biyu laftanar, uku kyaftin, mikiya ita kaɗai manjo, mikiya da anini biyu kanar. Duk wanda ya taso yana kallon Samanja Mazan Fama, wato marigayi Usman Baba Pategi, wanda shi kansa ya yi soja, ya riga ya haddace rabin wannan darasi.

Ina ake samun tsohon kayan? Kada ka fara da kasuwa. Fara da adakar tsofaffi. Tun 1863 da wani Bature mai suna Glover ya tara Hausawa a Legas ya ba su bindiga, mutanenmu suke cikin kaki, har Hausa ta zama harshen bariki a zamanin Turawa. A yaƙin duniya na biyu ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar samari daga ƙauyuka. Sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, sannan aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Bama, ta can gaba da Indiya, ba ta Borno ba. Bayan nan ga Kwango daga 1960 zuwa 1964, inda barikin Bukavu na Kano ya samo sunansa, ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ga Laberiya tun daga 1990. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar ɗan ƙarfe a gindin adakar wani gida.

Shiga adakar tsohuwa kuwa sai da siyasa. Ka je da goro da sabulu, ka durƙusa ka gai da ta, ka tambayi ƙafa, ka tambayi jikoki, ka tashi ka tafi ba ka ce komai ba. A zuwa na gaba ne za ka ce, "Iya, wai kayan sojan marigayi Baba suna nan kuwa?" Za ta ce, "Wannan tarkacen? Kai yaro, ba ka da aikin yi ne?" Kada ka karaya. Za ta fito da zannuwan aurenta ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tarihinsa, kuma wajibi ne ka yaba kowanne. Can a ƙasa za ka ga wani gwangwani mai tsatsa an ɗaure shi da tsumma. Idan ta ce ba za ta bayar ba, ta fi ka gaskiya, na mijinta ne. Nemi izini ka ɗauki hoto da wayarka, gaba da baya, ka yi godiya.

Idan kuwa mai lambar yana raye, ka yi babbar sa'a. 'Yan Bama sun kusa ƙarewa, Allah ya ji ƙansu, amma mazan jiya na yaƙin basasa suna nan a ƙofar gidajensu. Ka ware yini guda, domin tsohon soja ba ya ba da labari a tsaye. Zai tsallaka kogi ɗaya da kai sau uku kafin la'asar, kuma a kowace tsallaka ruwan yana ƙara zurfi. Kada ka duba waya, kada ka ce "Baba ai ka faɗa ɗazu." Riƙe biro ka rubuta cikakken sunansa, da garinsu, da bataliyarsa, da shekarar da ya shiga da wadda aka sallame shi, da lambarsa ta aiki. Wannan ta ƙarshen ba za ka sha wahala ba: tsohon soja yana iya rikita sunayen jikokinsa, amma lambarsa ko cikin barci ka tashe shi zai karanto ta. Idan akwai littafin sallama, ya fi kowace lamba daraja. Dalili kuwa, yawancin taurarin yaƙin duniya na biyu da Ingila ta raba ba a buga sunan kowa a jikinsu ba. Ranar da tauraro ya rabu da takardar mai shi, ba mai iya sake gane ƙirjin da ya rataya. Chari Maigumeri, wanda ya fara yi wa Jamus soja a Kamaru sannan ya koma rundunar Nijeriya har ya yi ritaya a 1953, an rubuta labarinsa, har bariki aka sa wa sunansa a Lokoja. Dubban abokan tafiyarsa kuwa, in ba irinka ba, ba mai rubuta nasu.

Yanzu ga abin da idonka zai nema. Bajon rundunar Afirka ta Yamma ta zamanin Turawa, wadda Lugga ya kafa a 1897, itaciyar kwakwar manja ce ta tagulla da harufan RWAFF a ƙarƙashinta. Sojojin wannan runduna ne suka riƙa fareti da jar dara. Tauraron Bama tsini shida gare shi, ƙyallensa ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Amma waɗanda suka fi taɓa zuciya na ƙyalle ne, waɗanda ake ɗinkawa a hannun riga. Runduna ta 81, wadda aka kafa a 1943, baƙin gizo-gizo ne alamarta a kan rawaya. Daga tatsuniyoyin mutanen Gana aka ɗauko shi, amma duk ɗan da aka yi wa ga ta nan ga ta nanku ya san mijin Ƙoƙi idan ya gan shi, kuma ya san dalilin da za a aika shi yaƙi da wanda ya fi shi kayan faɗa. Runduna ta 82 kuwa, masu biyu ne gicciye a kan gammo. Gammo dai da ka sani, na ɗaukar itace da tulu. Dazuzzukan Arakan da kwarin Kaladan mota ba ta shiga, sai da kai aka riƙa dakon harsashi da abinci da magani, shi ya sa gammo ya hau alamar runduna guda. Idan ka samu wannan ƙyalle, ka riƙe shi da hannu biyu. Akwai kuma wani zaki mai ruwan zinariya na dakarun Chindit, waɗanda 'yan Nijeriya suka yi yaƙi a cikinsu a 1944, kuma sunansu ne a kan barikin Zariya inda ake horar da kurata. Har yau sojan Nijeriya na da runduna ta 81 a Legas da ta 82 a Inugu.

Babban abokin hamayyarka a wannan harka shi ne ɗan gwangwan. Shi ba ya zuwa da goro, ba ya jiran la'asar, kuma sikelinsa bai san Bama ba, kilo kawai ya sani. Yaro zai kwashi lambobin kakansa ya miƙa masa, a ba shi kuɗin rake. Faɗa da shi ba zai kai ka ko'ina ba, neman halalinsa yake. Kama shi aboki. Nuna masa hotuna a wayarka, ka ce duk ranar da irin wannan ya faɗo cikin buhunsa ya ware maka, za ka biya fiye da kuɗin kilo. Idan ya kawo, tambaye shi gidan da ya samo, ka je ka yi sallama. Watakila manyan gidan ba su ma san an fitar da shi ba.

Bayan ɗan gwangwan, sai uwargida mai tsafta. Tana ganin tagulla ta yi duhu za ta ɗauko toka da lemon tsami da soson ƙarfe ta dirje ta kamar gindin tukunya, ta miƙo maka tana jiran yabo, alhali rubutun da shekara tamanin ba ta goge ba ya tafi cikin minti biyar. Tun wuri ka zaunar da ita ka yi mata bayani da lallashi: busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. Kada a wanke ƙyallen lamba, kada a canja shi da sabo don ya koɗe. Kowace lamba a naɗe ta ita kaɗai tare da takardar bayaninta, a sa a akwati mai murfi, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da laimar damina, a riƙa leƙawa saboda asu.

Kasuwa ita ce ta ƙarshe. Idan ka shiga Kurmi wajen masu tsofaffin kaya, ɗaure fuska, ka fara taya abin da ba ka so, domin da zarar idonka ya yi ƙyalli kuɗi ya ninka. Juya bayan bajo ka duba kunnuwan da ake maƙala shi da su, ka ji nauyinsa, ka ga ko tsufansa na shekaru ne ko na kwana uku a cikin ƙasa. Jabu sun cika intanet, masu zubin tagulla kuma ba su da kasala. Wanda ya rantse maka cewa daga ƙirjin Hitila aka ciro, yi masa sallama cikin mutunci.

Lamba ɗaya ce za ka maƙala a riga ka ratsa kowane shinge hankali kwance: 'yar alamar tunawa da mazan jiya da ake sayarwa gabanin 15 ga Janairu, wadda ake tara kuɗinta don tsofaffin sojoji da iyalan waɗanda suka rasu. Idan lokacin ya zo ka saya. Kafin nan kuwa, in akwai tsohon soja a unguwarku, ɗauki biro da goro ka je ka gai da shi cikin makon nan.