Masu Gadi Huɗu da Iyayen Gidansu

Duk mai rubuta manhaja da C ya san wannan ciwon kai: ka ajiye lamba a memori, ka juya baya, ka dawo ka tarar an canza ta, kuma babu wanda ya ga mai aika-aikar. Maganin abin shi ne ka sa mai gadi a kan adireshin. A GDB, manhajar farautar kuskure da Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986, sai ka buga watch da sunan abin, duk layin da ya taɓa shi a kama shi dumu-dumu. Sai dai masu gadin na furosesa ne, kuma tun da Intel ta fito da 80386 a 1985 guda huɗu ta bayar: DR0, DR1, DR2 da DR3. Memori ya tashi daga megabayit ya kai gigabayit, su kuwa suna nan su huɗu, kowanne bayit 1, 2 ko 4 yake iya tsarewa, ko 8 a na'ura mai bit 64. Wajen rabon waɗannan huɗun ne halin kowa ke fitowa fili.

Alhaji Haɗama shi ne na gaba-gaba. Shi bai yarda da kowa ba, don haka komai sai an tsare masa. Yana zama zai ɗora gadi a kan tsari mai bayit 32, wanda shi kaɗai ya lashe huɗun kaf, sannan ya ƙara wasu biyar a kai. GDB kuwa ba ta musu da manya. Karɓa take yi tana ba kowanne lamba, sai ya ce a ci gaba da aiki sannan ta shaida masa cewa ta kasa, wataƙila ya nemi abin da ya fi ƙarfinta. Nan take zai kira mai kula da kayan ofis. "Malam, wannan kwamfutar ta gaji, a sayo mini sabuwa." A sayo ɗin, ya tarar da huɗun nan dai suna jiransa.

Malam Mantau kuma tun da hantsi ya tura uku gadin wani kuskure da aka riga aka gyara kafin azahar, bai sallame su ba. Na huɗun ya ba shi aikin hbreak, ya manta cewa tsayawar da furosesa ke yi a kan layi daga cikin huɗun nan take ci. Da la'asar, lokacin da aikin gaske ya taso, babu ko ɗaya a hannu. Umarnin info breakpoints zai jero masa su duka, delete ko disable ya sako su, amma ya fi son ya rufe komai ya sake farawa, ya kuma sake mantawa.

Akwai Bawan Allah, wanda zai rantse maka biyu kacal ya sa, kuma gaskiyarsa. Abin da bai sani ba shi ne, da ya rubuta watch p->a->b, GDB ta ɗauka duk jerin yake nufi. Ta sa ɗaya a kan p, ɗaya a kan a, ɗaya a kan b, domin ko wanne ya motsa amsar ta canza. Layi ɗaya, uku sun tafi. Idan kuma adireshin bai zauna daidai kan iyakar girmansa ba, abu mai bayit 4 ma yana iya cin biyu ko uku. Ga shi da zarar aikin da p ke ciki ya ƙare, GDB ta sallami masu gadin, ɓarawo ya zo daga baya ya yi abin da ya ga dama. Da ya ƙara -l bayan watch, da adireshin ƙarshe kaɗai za a tsare, da mai gadi ɗaya, har sai ya ce a tashi. An faɗa masa, ya ce ai ba ya so ya takura wa kowa ne.

Sarkin Haƙuri ya fi kowa ban tausayi. Ya nemi a tsare masa abin da ya fi ƙarfin huɗun, sai GDB ta koma yin gadin da kanta: ta bar manhaja ta yi taku ɗaya, ta tsayar, ta duba, ta sake barinta ta yi ɗaya. Aiki ya ninka ɗaruruwa wajen nawa. Alamar tana gabansa, domin kalmar Hardware ba ta fito a amsar da aka ba shi ba, amma bai lura ba. Ya sha shayi, ya je masallaci, ya dawo ya ci abinci, ya amsa gaisuwar kowa. "Oga, ya ake ciki?" "Tana tafiya, komai na Allah lokaci ne." Abin takaicin, idan manhajar mai zaruruwa da yawa ce, irin wannan gadi zare ɗaya yake iya sa wa ido da kyau, mai ɓarnar kuma yana can a wani.

Marowaci kuwa huɗunsa cif suke, bai taɓa taɓa ko ɗaya ba, wai yana tanadinsu don ranar babbar matsala. Da printf yake aiki: "na zo nan", "na zo nan 2", "na zo nan wallahi". Yawan rubutun ya rage wa manhaja gudu, kuskuren da ke faruwa don zare biyu sun yi karo ya ɓace, ya sanar da cewa ya gyara. Ranar da aka goge rubuce-rubucen, kuskure ya dawo da sallama.

Sarkin Wahala daga sashen ƙananan na'urori yake leƙowa, ya ji ana kukan huɗu, ya yi dariya. A kan Cortex-M0 da yake fama da ita, biyu ne iyaka. Zai ba ka labarin makon da ya yi yana gadin adireshin da ke ta canzawa ba tare da an kama kowa ba, ashe DMA ce ke zuba bayanai kai tsaye a memori, ba ta bi ta ƙofar furosesa ba balle mai gadi ya gan ta. Labarin gaskiya ne, kuma akwai darasi a ciki. Matsalar kawai ita ce kowa a ofis ya haddace shi.

Sarkin Dabara ba ya roƙon Intel komai. Da mprotect zai kulle shafin memori guda, bayit 4096, duk wanda ya yi rubutu a ciki manhaja ta yi ihu. To, maƙwabtan abin da yake gadi ma a shafin suke, sai ihu ya yi yawa, sai ya rubuta abin tace ihun, sai abin tacewar ya zo da nasa kuskuren. Yanzu kurakurai biyu yake farauta, kuma ya fi son na biyun don shi ya haife shi.

Can a kusurwa akwai Malama Natsuwa, wadda ba a cika jin muryarta ba. Kafin ta taɓa komai sai ta gano bayit ɗin da ya lalace takamaimai. Ta ɗauki tafiyar manhajar da rr, kayan aikin da aka ƙirƙira a Mozilla, ta bari ta faɗi, ta sa watch -l guda ɗaya, ta buga reverse-continue. Lokaci ya koma baya, ya tsaya cak a kan layin da ya yi ɓarnar. Uku na zaune babu aiki, domin tambayarta ɗaya ce kuma ta san ta. Da Intel za ta ba da arba'in, Alhaji Haɗama zai nemi arba'in da ɗaya, ita kuwa ɗayan nan dai za ta ɗauka.

Abin da ya rage shi ne git blame, umarnin da ke faɗin wanda ya rubuta layin. Tana fara buga shi Alhaji Haɗama zai tuna yana da taro, Marowaci ya ce ana kiransa a waya, Malam Mantau kuma ya ce shi wallahi bai tuna ya taɓa buɗe wannan fayil ɗin ba, kuma shi kaɗai ne za a iya yarda da shi.